OGG1 a laccar yau

Yau a lacca Malam ya rubuta OGG1 a allo, ya juyo ya ce, "Wa zai gaya mini aikinsa?" Muka amsa baki ɗaya: gyaran DNA. Ai mun haddace. Idan sinadaran oksijin masu illa suka lalata guanin, ɗaya daga cikin haruffa huɗu na DNA, wannan enzayim ne ke lalubo shi ya cire, don kada kuskuren ya bi ƙwayar halitta idan ta rabu. Sai Malam ya yi murmushi ya ce, "To ɓerayen da aka cire wa OGG1 fa, me ya sa kumburi ba ya yi musu tsanani?" Kowa ya yi zuru, har mai bakin ajinmu.

Ashe idan OGG1 ya kama wurin da ya lalace a bakin ƙwayoyin gado masu kunna kumburi, share wa furotin NF-κB hanya yake yi, shi kuma ya tayar da garkuwar jiki. A 2018 masu bincike na Cibiyar Karolinska a Suwidin, da abokan aikinsu na Texas a Amurka, suka gwada sinadarin TH5487 mai hana OGG1 kama DNA, kumburin huhun ɓeraye ya ragu. Nan take ƙanwata mai asma ta faɗo mini a rai, yadda ƙirjinta ke ƙara duk lokacin hunturu. Ɓera dai ba mutum ba ne. Kuma in aka daɗe ana danne OGG1, ban ga wanda zai riƙa yin gyaran kamar shi ba.