Vespar da na ɗauko daga zaure

Ranar da na fara ganinta, kaji ne ke kwana a kanta. Tana jingine a zauren wani gida a cikin birnin Kano, an rufe ta da tsohuwar tabarma, tayoyinta sun kwanta ƙasa, kashin kaji ya bushe a kan kujerar. Dillalin da ya kai ni ya yaye tabarmar ya ce, "Lafiyarta ƙalau, mai kawai za ka zuba ka hau." Wanda ya taɓa sayen kaya a hannun dillali ya san fassarar wannan magana.

Abin da ya kai ni zauren ba sha'awa ba ce kaɗai. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ba ta waiwayo ba. Motata ta koma ta zuwa Juma'a da gaisuwar suruka. Wajen aiki kuwa sai adaidaita sahu, hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa. Abokaina suka ce in sayi sabon babur kamar kowa, Boxer ko roba-roba, in huta. Shawara ce mai kyau. Ban dai bi ta ba.

Mu da muka yi firamare lokacin da hedimasta ke zuwa makaranta a kan Besfa, kamar yadda muke kiranta, akwai wani sauti da ya zauna mana a kunne. Tun daga kwanar masallaci za ka jiyo ta, tan-tan-tan-tan, sai kowa ya ruga aji. Sai da na girma na gano cewa kalmar Vespa a harshen Italiya zanzaro take nufi, saboda siririn ƙugunta da faɗin bayanta da kuma kukanta. Na yi dariya ni kaɗai, don malaman da suka fi hawanta a unguwarmu su ne masu yin zanzaro. Kamfanin Piaggio ne ya fara fitar da ita a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wanda ya tsara ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da babur bai burge shi ba. Ba ya son datti, ba ya son sarƙa. Sai ya ɓoye injin a gefe, ya haɗa shi kai tsaye da tayar baya, ya yi wa ƙafafu garkuwa ta gaba, ya bar fili a tsakiya. Bai san da babbar riga ba, amma kamar don ita ya yi. Ba ka ɗaga ƙafa ka tsallaka, babu sarƙar da za ta cafke maka gefen riga, kuma za ka isa ɗaurin aure da farar shadda fes.

Mai babur ɗin ya rasu shekaru da dama, matarsa ce ta fito da kanta. Muka gaisa, na yi mata gaisuwar da ta wuce, ta aika jikanta ya ɗauko wani gwangwanin alewa. A ciki akwai rasit ɗin asali ya yi jawur, da takardun lamba, da makullai biyu a ɗaure da zare. Na cire murfin da ke rufe injin, na goge ƙura da yatsa har lambar jiki ta fito: ta fara da VLX1T, wato P150X ce, cikin dangin PX da aka fara fitarwa a 1977. Lambar ta yi daidai da ta takarda. Wannan ne kaɗai abin hankalin da na yi a ranar, shi da rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu da mai unguwa. Tsohon babur marar takarda, ko kyauta aka ba ka, ka sayi kwanan caji ofis.

A garkuwar gaba ta hagu akwai wata lotsawa kamar tafin hannu. Na tambaya ko hatsari ne. Hajiya ta yi murmushi ta ce, "A'a ɗan nan, ragon layya ne. Ya ga kansa a jikin fentin, ya zaci wani rago ne." Ta ce marigayin ya ƙi yarda a gyara wurin har ya bar duniya.

Na biya, muka ɗora ta a a-kori-kura.

Ga inda na fara ɓata rawata da tsalle. Kafin in san ko injin zai tashi, sai na kai ta wajen mai fenti. Ina son ranar da zan fara hawa mutane su juyo. Aka kankare ta, aka cike lotsawar ragon da bodi fila, aka fesa mata ruwan madara, mai kujera ya ɗinka sabuwar fata baƙa. Kusan rabin abin da na ware na gyara ya tafi a nan. Sannan na tura ta gun wani yaron bakanike da ke bakin layinmu, gwani ne a kan baburan yanzu. Ya zagaya ta sau biyu ya tambaye ni ina ake zuba baƙin mai. Da ina da wayo, a nan zan ja abata in tafi. Ya wanke kafireta, ya canza fulogi, ya zuba fetur zalla, ta tashi a bugu na shida, muka yi ta murna. Ban kai kilomita uku ba tayar baya ta ƙame, na ja kuloci da sauri, Allah Ya kiyaye ban faɗi ba. Inji ya buga.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya sani. Injin irin wannan Vespar ba shi da wurin ajiye baƙin mai kamar na sauran babura. Man injin na shiga ne tare da fetur, ya ratsa cikin injin ya jiƙa fistin da boris, sannan ya ƙone ya fita ta salansa. Shi ne shuɗin hayaƙin nan da ƙamshinsa. Ka ba ta fetur babu mai, kamar ka ba mutum tuwon dawa babu miya babu ruwa ne.

Wani mai faci ne ya kwatanta mini Baba, wani tsohon bakaniken Vespa. Rumfarsa na can bayan wata kasuwa, ƙarƙashin darbejiya, gawarwakin Vespa sun fi goma a jere. Ya haura saba'in, gilashinsa ɗaure da robar tiyub. Bai ko kalli fentin ba. Ya ɗaga shimfiɗar robar da ake ɗora ƙafa, ya ɗauki sukundireba ya danna, sai ga ta ta ɓulla ta ƙasa. Tsatsa ta cinye wurin, mai fenti ya bi ta kai ya wuce.

"Ɗana, wa ya ce ka yi mata kwalliya?"

Na ce, "Baba, ni ne."

"To ka yi wa mara lafiya lalle."

Ya nuna mini cewa Vespa ba ta da ƙashin baya na bututu irin na sauran babura. Jikin nan na ƙarfe da kake gani shi ne ƙashinta, shi ke ɗauke da kai da injin. In ƙasan ya ruɓe, wata rana a kan titi za ta naɗe gida biyu. Dole a yanke a yi walda, walda kuma ba ta san sabon fenti ba. Ina tsaye ina kallo ruwan madarar nan ya kumbura ya yi baƙi.

Sati uku na yi ina zarya rumfar bayan la'asar, kuma a nan na yi karatun da ban yi niyya ba. Baba ya raba injin gida biyu a kan buhun siminti, ya jera kayan cikin a tsohon faranti bisa tsarin da ya ciro su. Fistin ɗin ya yi zane-zane kamar an ja shi a kan tsakuwa, sai da aka kai silinda aka yi mata bori aka sa wanda ya ɗara shi girma. Ya ɗauko wani zoben roba da ya bushe ya ƙandare, ya lanƙwasa shi ya karye kamar ƙuli-ƙuli. Wannan, in ji shi, shi ne sil na ɓangaren kuloci. In ya mutu, injin zai riƙa zuƙo man giya yana ƙonawa, ka ga farin hayaƙi, ka shinshina man giyar ka ji warin fetur. Ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren in ya mutu iska yake sha, sai ka saki totur injin ya ƙi sauka. Sannan ya miƙo mini wani ɗan ƙarfe mai ƙafa huɗu, bai fi tsakiyar tafin hannuna ba, ya ce in shafa bakinsa. Ya gulmu, babu kaifi. Shi ke shiga tsakanin haƙoran giya ya riƙe wadda ka zaɓa. In ya cinye, kana cikin tafiya a giya ta uku sai ta fice da kanta, injin ya yi ihu a banza. Kuɗinsa bai kai na fentin murfi ɗaya ba, amma sai an tsaga injin kafin a kai gare shi.

Kayan gyara ba su ba ni wahalar da na zata ba. Kamfanin LML na Kanpur a Indiya ya yi shekaru yana ƙera irin wannan samfuri da izinin Piaggio, don haka kayan Indiya da yawa suna hawa. Wasu na samo a Ƙofar Ruwa, wasu Baba ya ciro daga gawarwakin da ke rumfarsa, kuma ya fi amincewa da tsohon na asali a kan sabon da bai san inda ya fito ba. Muka canza wayoyi gaba ɗaya: na kuloci, na totur, na birki gaba da baya, da tagwayen nan na giya. Sababbin tayoyi 3.50-10 guda uku har da safaya, don waɗanda ke kai, duk da zanensu bai cinye ba, sun tsattsage ta gefe.

Ranar da zan ɗauke ta ya aike ni kemis in sayo sirinji mai cin mililita 20. Ya ce kowace lita ɗaya, sirinji ɗaya na man 2T, wato man injin da ake haɗawa da fetur, kashi biyu cikin ɗari ke nan. Ba baƙin man mota ba, ba kuma "kimantawa da ido" ba. Yanzu sirinjin na cikin akwatin gaba tare da fulogi, da sifana, da wayar kuloci ta ko-ta-kwana. Masu gidan mai sun saba da ni. Ɗaya yana ce mini likita.

Koyon hawan ma wani aiki ne. Giya a hannun hagu take: ka matse kuloci, ka murɗa hannun gaba ɗaya, ta ɗaya sama, sauran ukun ƙasa. Birkin baya a ƙasa yake, ƙafar dama ke taka shi. Satin farko ta mutu mini sau biyu a tsakiyar shataletale, masu adaidaita suna ta hon, wani ya leƙo ya ce, "Alhaji a kai ta gidan tarihi mana!"

Yau wata na goma sha ɗaya ke nan ina zuwa aiki a kanta kullum, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, tana da halinta. Ƙananan tayoyin nan ba sa son rami, ba sa son yashi. Ramin da Boxer zai haye bai sani ba, ni sai na ji shi a ƙugu. Birkin gaba na lallashi ne, dole ka fara shirin tsayawa tun da nisa. Tawa ba ta da batir, fitila daga injin take samun wuta, saboda haka in na tsaya a danja da daddare sai ta koma kamar aci-bal-bal. Mai kuma, tana ba ni wajen kilomita 30 a lita, wanda ya fi mota nesa ba kusa ba amma bai kai sababbin babura ba. Uwargida ta yi wannan lissafin tun kafin ni. Ta ce, "Malam, da kuɗin fenti da na walda da na Baba, ai da sabo ka saya da canji ya dawo." Ban amsa ba, don gaskiyarta ce.

Sai dai akwai abin da lissafin bai kama ba. Tana da fanka a jikin injin, ko gosulo ya kai awa ba ta damu ba. Taya ta taɓa yin faci da ni a hanyar Zariya, na kwantar da ita a gefe, na kwance noti biyar, na sa safaya, minti goma na kama hanya. Nan ma akwai gargaɗin Baba: notin da ke riƙe taya a jikin babur daban, waɗanda ke haɗe gida biyun rim daban, kuma kada ka kuskura ka taɓa na biyun da iska a ciki. Wata safiya wayar kuloci ta tsinke a daidai ƙofar wajen aikina, na kira shi, ya ce shi ba zai zo ba, ba na ga yadda ake yi ba? Na tsuguna da kaftanina na zura sabuwar ta cikin tsohon kwanson, ɗalibai na tsaye a kaina suna ba da shawara. Ta yi. Hannuna bai bar warin giris ba har azahar.

Fentin dai ban sake ba. Ƙasan da aka yi wa walda jan fentin hana tsatsa ne a kai, sama ruwan madara, kamar mai riga da wando na mutum biyu.

Bayan sallar layya na bi ta cikin birni na tsaya gaishe da Hajiya. Ta fito zaure, ta daɗe tana kallon babur ɗin, ta kai hannu ta shafa garkuwar hagu inda ya yi sumul.

"Ina tabon ragon?"

Na ce, "Hajiya, mai fenti ya cike shi."

Ba ta ce komai ba. Can ta ce in tayar ta ji. Na buɗe mai, na ja cok, na buga kik. Shiru. Na sake. Sai a na uku ta kama, hayaƙi ya cika zauren, kaji suka watse.

Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "Marigayi bugu ɗaya yake yi mata."