Zamana a Gambiya, ƙasar da Jihar Gombe ta fi faɗi

Aikin koyarwa ne ya kai ni Gambiya. Wani abokina da muka yi karatu tare ya riga ni zuwa, shi ya kira ni ya ce makarantar sakandaren da yake aiki a Birikama tana neman malamin lissafi. Ban daɗe ina shawara ba, domin jarrabawar da yaransu ke rubutawa ita ce tamu. Gambiya na cikin ƙasashe biyar da suka haɗu a WAEC, tare da Najeriya da Ghana da Saliyo da Laberiya, don haka abin da nake koyarwa a Gombe shi zan je in koyar. Ɗan Najeriya ba ya neman biza tunda duk Ecowas ce. Fasfo da katin rigakafin shawara na riƙe, sai takardar izinin zama da na nema bayan na fara aiki.

Da na je sallama da Inna, tambaya ɗaya ta yi: "Suna sallah a can?" Na ce mata fiye da kashi 90 cikin 100 Musulmi ne, Malikawa irinmu. Ta ce, "To, Allah Ya tsare. Amma ka ji ni da kyau, ban yarda ka shiga ruwan nan ba."

Faɗin ƙasar gaba ɗaya murabba'in kilomita 11,300 ne ko kusa da haka. Jihar Gombe ta fi ta, Jihar Bauchi kuwa ta ninka ta wajen sau huɗu. Mutanen Gambiya ba su kai miliyan 3 ba. Senegal ta kewaye ta gabas da kudu da arewa, sai yamma da ta buɗe ga Tekun Atlantika da gaɓar da ba ta wuce kilomita 80 ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata iyakar a 1889, suka bi Kogin Gambiya suka yanki ƙasa kaɗan a kowane gefensa. Ko a inda ta fi faɗi, ba ta kai kilomita 50 ba.

Wanda ya je hutun mako guda zai sauka a filin jirgin Yundum, a ɗauke shi zuwa Kololi ko Kotu inda otal-otal suke jere a bakin teku. Nan Turawa ke tururuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, suna gudun sanyin ƙasashensu. Wurin yana da kyau, ba na musu, amma farashin komai na baƙi ne, kuma za ka iya gama hutunka ba ka taɓa sa hannu a kwanon Bagambiye ba. Mai niyyar zama ya nufi Serekunda ko Birikama ko Lamin, inda mutane suke.

Ni ciki da falo na kama a wani babban gida mai iyalai da yawa. Mai gidan dattijo ne Bafulatani, iyayensa daga Futa Jalon ta Gini suka zo. Kafin maganar kuɗin haya, sunan dangina ya fara tambaya. A can kowa da sunan zuriyarsa, Jallow, Bah, Ceesay, Touray, Jammeh, kuma da shi ake gaisawa, ana maimaita shi don girmamawa. Na bayyana masa cewa mu sunan uba muke ɗauka, amma ni Bafulatanin Gombe ne. Sai ya juya harshe ya gwada ni. Fulatancinsu ya bambanta da namu, duk da haka gaisuwa da ƙirga da sunayen shanu mun fahimci juna. Ya yi murna ƙwarai, ya kira matansa ya ce daga yau sunan gidansa zan amsa.

Wannan abin da ya yi shi ya buɗe mini ƙasar. Mai shagon unguwa ya fara ba ni kaya in biya ƙarshen wata. Yaron motar gele-gele, wato bas ɗin da ake shiga zuwa Serekunda, ya daina tambayata inda zan sauka. Wani maƙwabcinmu ɗan ƙabilar Jola ya shiga tsokanata kullum safe, yana cewa ni bawansa ne in zo in share masa ƙofar gida, ashe wasa ne tsakanin Jola da Fulani, irin namu da Barebari. Da na fara rama masa sai muka shaƙu, har shi ya raka ni asibiti lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni.

Sai dai sanin juna yana da nauyinsa. A ƙasa irin wannan, labarinka yana riga ka isa. Mai sayar maka da kifi ƙanwar matar shugaban makarantarku ce, direban tasin da ka yi wa tsawa kawun ɗalibarka ne. Na ga wani ɗan ƙasarmu da ya ci bashin mai shago ya sauya unguwa, yana zaton ya ɓace, ba a yi nisa ba sabon mai gidansa ya ba shi takardar tashi. Abin ya yi mini ciwo, domin sunan Najeriya a can yana da fuska biyu. Suna girmama mu saboda alƙalai da likitoci da malamai da sojojinmu da suka yi musu aiki tun da daɗewa, kuma suna ɗar-ɗar da mu saboda halin wasu. Duk abin da mutum ɗaya ya yi, a kan sauranmu ake rubuta shi.

Abincin rana shi ne babban taron gida, wajen ƙarfe biyu zuwa uku. Ana kawo babban kwano a ajiye a tabarma, kowa ya tsuguna ya ci daga gabansa. Shinkafa ce a ƙasa, kifi da kabeji da rogo da gauta a tsakiya. Ba a miƙa hannu tsakiya. Uwargida ce ke gutsuro kifin da yatsunta, ta zare ƙaya, ta jefa wa kowa rabonsa, kuma gaban baƙo ya fi tara kaya. In ka ce ka ƙoshi sai ta ƙara turo maka shinkafa. Yau benachin, dafa-dukarsu ke nan, gobe domoda, miyar gyaɗa mai kauri da ɗan tsami. Ɗan Arewa zai yi kewar tuwo, wannan ba makawa. Akwai gero, suna yin wani abu da shi mai kama da dambu, akwai zoɓo da suke kira wonjo, akwai kuka. Daddawa da kuɓewa busasshiya kam na riƙa sa wa a kawo mini daga gida. Bayan abinci sai ataya, shayin da ake dafawa sau uku a ƙaramar buta kan gawayi, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Wanda ya sha na farko ya tashi bai kyauta ba. A wajen jiran na uku na ji yawancin abin da na sani game da ƙasar.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne laima. Mu mun saba da zafi busasshe, ka shanya kaya kafin la'asar sun bushe. A can daga Yuli zuwa Oktoba iska kanta a jiƙe take. Takalmin fata da na ajiye ƙarƙashin gado ya yi furfura kore, babbar rigata ta shadda ta ɗauki wari a cikin akwati, gishiri ya narke a gwangwani, kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa saboda iskar teku. Matan gidan ne suka koya mini kada in jingina akwati da bango, in riƙa fito da kaya rana duk sanda ta leƙo, takardun shaida kuma in sa su a leda in ɗaure. Wanda zai kama gida, ya je ya duba unguwar da damina. Wasu titunan Serekunda da ka gani garau da rani, a Agusta sai ka naɗe wando. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hunturu na isowa da ɗan hazo, lokacin ne jikin ɗan Gombe ke sakewa.

Kafin in je, ruwa mafi girma da na sani shi ne na madatsar Dadin Kowa. Maganar Inna ta sa ban taɓa yin iyo ba, kuma masunta da kansu sun ce akwai wuraren da igiyar ruwa ke jan mutum ciki. Amma na riƙa zuwa Tanji da yamma in ga dawowar jiragen kamun kifi. Dogayen kwale-kwale ne masu fenti kala-kala, ba sa iya matsowa gaɓa sosai, sai mata da samari su kutsa cikin ruwa har ƙirji da robobi a ka, su ciko su dawo da gudu, ruwan kifi na zuba a kafaɗunsu. Tsuntsaye na shawagi a sama, ana ciniki da ihu kamar kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ranar da motocin masara suka sauka. A baya kaɗan akwai rumfunan banda, inda ake jera kifin bonga dubbai a kan waya, hayaƙi na tashi dare da rana. Wannan kifin shi ne naman talaka. Matan da nake saye a wurinsu sun sha yi mini kukan cewa yana ƙara tsada, tunda masana'antun niƙa kifi suka buɗe a gaɓar suna kwashe shi zuwa waje.

Kogin shi ke tsara tafiya. Banjul kanta, babban birnin ƙasar, a tsibiri take, a bakin kogi, kuma mai zuwa arewa sai ya hau jirgin fito zuwa Barra, shi da motoci da awaki da buhunan shinkafa. Ranar da zan ƙetare ba na sa wani alƙawari. Gadar Senegambiya da aka buɗe a Janairun 2019 kusa da Farafenni ta sauƙaƙa wa masu bin tsakiyar ƙasa. Ta Barra na bi na shiga Senegal zuwa Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyas, tafiyar sa'o'i kaɗan, na tarar da Hausawa 'yan ziyara har da mutanen Bauchi. Ta Barra kuma ake zuwa Jufure a hau kwale-kwale zuwa tsibirin da a da ake kira James, wanda aka mai da sunansa Kunta Kinte a 2011. Nan aka riƙa tsare bayi a da kafin a loda su zuwa Amurka. Kangon ginin yana nan da wasu kukoki, ruwa na ta cin gefen tsibirin. Ƙanƙantar ɗakin da aka ce a ciki ake kulle masu gardama ta hana ni cin abinci ranar.

Da ka yi gabas, wajen Janjanbure da Basse, sai teku ta ɓace, ƙasa ta koma irin tamu: gero, dawa, gyaɗa, kuka, amalanken jaki, da zafi mai ƙuna. Shanunsu ƙanana ne marasa tozo, irin Ndama, masu jure cizon tsando da ciwon sammore. Ragon layya kuwa yawanci daga Senegal da Mali da Muritaniya ake shigo da shi, shi ya sa Babbar Sallah, Tobaski a bakinsu, take zuwa wa magidanci da nauyi.

Ina can aka yi zaɓen Disamban 2021. Ba takarda suke dangwalawa ba. Kowane ɗan takara da gangarsa ta ƙarfe mai launin jam'iyya da hotonsa, a ba mai zaɓe ƙwallon gilashi guda ya jefa, ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya. Da wannan tsarin suka kayar da Yahya Jammeh a 2016 bayan shekara 22 yana mulki, Adama Barrow ya hau. Mai gidana bai iya karatun boko ba, amma ya dawo yana faɗa mini da yaƙini wanda ya zaɓa, kuma ya san ba wanda ya sauya masa.

Abin da har yanzu yake damuna shi ne yaran da ke ɓacewa daga aji. Yaro mai ƙoƙari, ka saba ganinsa a layin gaba, wata Litinin kujerarsa ba kowa. In ka tambaya, abokansa su sunkuyar da kai su ce ya bi hanyar baya, wato ta Agadas da Libiya, ko ta kwale-kwale zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya. Wasu sun isa, suna aiko kuɗin da ake gina gidaje da shi, kuma gidajen nan su ke jan na baya. Wasu shiru har yau. Na sha tsayar da darasi in yi musu magana, wani ya taɓa ce mini, "Malam, kai ma ai barin garinku ka yi." Na ce masa da fasfo na zo, da aiki a hannuna, kuma mahaifiyata ta san inda nake kwana.

Bayan na dawo, ƙanina da ya gama karatun koyarwa ya same ni ya ce, "Hamma, in samu hanya in tafi?" Na ce masa ya fara samun takardar ɗaukar aiki a rubuce, mai faɗin albashi da wanda zai biya kuɗin izinin zama. Kada ya mai da dalasi, kuɗin Gambiya, zuwa naira a kansa ya ga kamar ya samu, domin shinkafa da sukari da mai da siminti yawanci shigo da su ake yi, ni kuma haya ta wata shida aka nema a hannuna tun ban karɓi albashin farko ba. Ya tanadi kuɗin jirgin dawowa ya ajiye daban, ya sayi gidan sauro, ya kuma kama ɗaki a gidan da akwai dattijo. Ya rubuta su a wayarsa, ya ce zai bari sai an sha ruwan Oktoba tukuna.