Wa yake biyan sojoji? Abin da mulkin Aurangzeb ya koya mini

Malaminmu na tarihin daular Mugal ta Indiya yana da tambayar da yake jefa wa duk ɗalibin da ya tashi bayanin faɗuwar wata daula: wa yake biyan sojoji, kuma da me? Da ita na koyi karanta mulkin Aurangzeb, sarkin daular Mugal, wanda ya hau karaga a 1658 ya rasu a 1707.

Ɓangaren addini kowa ya san shi, kuma ba na raina shi. A 1679 ya dawo da jiziya, wadda kakan mahaifinsa Akbar ya soke tun 1564. Ya sa an rushe babban wurin bautar Hindu na Banaras a 1669, an kuma kashe jagoran mabiya addinin Sikh, Guru Tegh Bahadur, a Delhi a 1675. Waɗannan sun bar gaba mai tsanani. Amma fa a zamaninsa kason Hindu cikin manyan fadawa ya fi na zamanin Akbar, domin ya yi ta janyo shugabannin Maratha, wata al'ummar Hindu ta yammacin Indiya, da muƙamai. To, a nan tambayar malam ta yi mini amfani.

Yawancin fadawan Mugal ba albashi ake ƙirga musu a hannu ba. Ana yanka wa kowa yankin ƙasa, wato jagir, ya karɓi harajinsa ya ciyar da dawaki da mayaƙa, kusan yadda hakimai a da suke zaune a birni jakadunsu na tattaro kuɗin ƙasa. Da Aurangzeb ya tare a Dakkan, wato yankin kudancin Indiya, a 1681, ya ci masarautun Bijapur a 1686 da Golkonda a 1687, sai fadawa suka ƙaru, ƙasar rabawa ba ta ishe su ba. Mutum ya samu muƙami, ya yi shekaru yana jiran yanki. Wanda ya samu kuma ya san ba da jimawa ba za a canja masa wuri, don haka sai ya tatse manomi tas, ba ruwansa da baɗi. Manomi ya gudu ya bar gona, ko ya bi masu tawaye. Yaƙinsa da Maratha a Dakkan kuma ya ƙi ƙarewa: ganuwar Jinji kaɗai sai da aka shekara takwas ana kewaye da ita, sarki kuwa har ya rasu bai sake komawa Delhi ba.

A ganina jiziya ta rage masa masoya, amma yaƙin Dakkan ne ya ƙarar da taskar. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce waɗanda suka fara cin gashin kansu bayan rasuwarsa. Murshid Kuli Khan a Bangal da Nizamul Mulk a Haidarabad, wanda ya kafu a 1724, duk Musulmi ne, manyan ma'aikatan daular, kuma ba wanda ya taɓa karɓar jiziya a hannunsu.