Hawayen Maryamu Magadaliya sun zauna a karo na huɗu

'Yan'uwa masu koyon zane da ƙwanduwar ƙwai, yau dai hawayen da nake zanawa a hoton Maryamu Magadaliya, mabiyiyar Yesu, sun zauna, bayan kankare kumatun hagu har sau uku. Na ji daɗi ƙwarai.

Ga inda matsalar take. Farin fenti tsantsa ba ya yin hawaye, sai ya fito kamar ƙuraje. In ka koma da jiƙaƙƙen burushi don ka sassauta shi, ya kwaso launin fatar da ke ƙasa har koren shimfiɗar farko ya leƙo. Hunturu ma bai taimaka ba, fentin na bushewa a bakin burushi kafin ya taɓa allo. Na ƙara ƙwanduwa, wurin ya yi maiƙo ya tsattsage. Abin ya ƙona min rai.

Haɗin dama fentin da ya yi aiki: ƙwanduwa ɗaya, ruwa daidai yawanta, ɗigo biyu na khal. A bar fuskar ta kwana biyu ba a taɓa ba. A ja siririn layi da launin fata mai ɗan duhu a gefen inuwa, a bi hanyar hawayen da fenti mai ruwa-ruwa sau uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, burushi ya wuce sau ɗaya tak. Fari kuwa ɗigo guda, kamar kan allura.

Hawaye biyu sun isa. Da na yi biyar, fuskar ta koma ta mai fid da rai. Maryamu mai kuka da sakakken gashi al'adar Yammacin Turai ce, tun wa'azin Fafaroma Gregory na shekarar 591 da ya haɗa ta da mace mai zunubi ta Linjilar Luka sura ta 7, wadda ba a faɗi sunanta ba. Masu zanen Ikilisiyar Gabas kan rufe mata kai da mayafi, su ba ta tulun turaren da ta kai kabarin Yesu. Na haɗa biyun: tuba a kumatu, bangaskiya a ido. Ƙwayar idon na ɗaga ta kaɗan har ta taɓa fatar ido ta sama, in ta rabu da ita sai fuskar ta zama ta firgita.

Da'irar zinariyar kanta ta cinye ganyen zinariya tara cikin 25 da nake da su, uku iskar fanka ce ta nannaɗe su. Ku kashe fanka, kuɗin ganyen nan ba wasa ba ne. Jan mayafin har yanzu dabbare-dabbare yake, sai ya sha shafi biyu ko uku nan gaba.