Asirans na rigimar ma'aikata: me yake biya, me ba ya biya

Mu nan Damagaram in ka ce asirans ba abin da ke zuwa ran mutum sai takardar mota da ɗan sanda ke tambaya a hanya, shi kenan. Alhali akwai wani iri da kamfanoni ke saye don ranar da ma'aikacinsu zai kai su ƙara, ko ya ce an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, ko an nuna mishi bambanci, ko mace ta ce shugabanta ya matsa mata da neman lalata. Kamfanin asirans shi zai biya lauya, in alƙali ya yanke diyya ko aka sasanta ya biya har iyakar kuɗin da aka rubuta a kwantiragi. A Amurka abin ya yi kasuwa bayan dokar 1991 da ta ba ma'aikaci damar neman diyya mai kauri in an nuna mishi wariya, sai masu kamfani suka tsorata.

To amma fa ku tsaya, abin da ke kai masu shago da gareji da gidan burodi gaban sufeton aiki a garin nan mafi yawa ba wannan ba ne. Albashi ne da aka riƙe, ko yaro ya shekara da shekaru yana aiki ba takarda ko ɗaya, ranar da aka ɓata a ce mishi tafi gida. Kuma irin wannan asirans galibi ba ya biyan bashin albashi, ba ya biyan tara, abin da ka yi da gangan ma ba ruwanshi. Haƙƙin da ke wuyanka yana nan wuyanka Alhaji.

Rauni wajen aiki shi ma hanyarshi daban, na CNSS ne, wato kes, asusun gwamnati da ke kula da lamunin ma'aikata. In injin ya ci yatsan yaro kuma ka yi mishi rajista kana zuba kuɗi, kes ke ɗaukar magani da diyya. In ba ka yi ba, to Allah ya kyauta, daga aljihunka za a fara.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ba ta san maganar "ai ɗan ƙanwata ne" ba, wallahi nan ake yawan faɗawa rami. In dai mutum yana aiki ƙarƙashinka kana ba shi umarni kana biyanshi, ma'aikaci ne ko da baki kuka shirya. Mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga sefa 30.047 zuwa jika 42 tun Janairun 2024, ku zaga kasuwar Dole ku tambayi yaran shago nawa ke ganin haka a ƙarshen wata. Kora tana son dalili na gaskiya da wa'adi, sufeton aiki zai gwada sulhu, in ya gagara sai kotun aiki, kuma shigar da ƙara can kyauta ne ga ma'aikaci, kada ka ce talaka ne ba zai iya ba.

Ni a ganina mai ma'aikata biyar ko goma ya fara da kwantiragi a rubuce da rajistar kes da littafin da kowa zai sa hannu ranar albashi, ko kamfanin asirans ɗin ma sai ya tambayi waɗannan kafin ya yarda da kai. Masu makarantu masu zaman kansu da kilinik da kamfanonin sufuri, su kam ya kamata su tambayi maganar wannan asirans, kuma su karanta ƙananan rubutun da kyau, don yawanci ƙarar da aka shigar lokacin da kwantiragin asirans ɗin ke aiki ita kaɗai ake biya, rigimar da ka riga ka san tana tafe kafin ka saya kuwa ba ta ciki. Wanda zuciyarshi ba ta kwanta da asirans ba saboda batun riba sai ya tambayi malaminshi maganar takaful, wato asirans na tsarin Musulunci.