Kada ka rubuta abin da ido ya riga ya gani

Labarin zane na farko da na kammala shafi takwas ne, a kan wata yarinya mai tallar awara da ta zubar da kuɗin ciniki a hanyar komawa gida. Wata biyu na yi ina fama da shi. Da na miƙa wa ƙanwata, sai ta bi rubutun tun daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya ba ta tsaya kallon zanen ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma laifin nawa ne. A akwati na uku, wato ɗaya daga cikin gidajen hoto da ake raba shafi da su, na zana yarinyar durƙushe a bakin kwata tana laluben ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe, sannan na rubuta a sama: "Sai ta durƙusa tana kuka tana neman kuɗin." To me ya rage wa ido?

Ƙannena masu sha'awar wannan aiki, a nan na fi so ku tsaya. Bayan shekara guda na koma wa shafin nan. Ban taɓa zanen ba, jimlar kawai na goge, na sa maganar da mahaifiyarta ta yi mata da safe: "Ki riƙe da kyau, zubin adashe ne." Yanzu mai karatu yana ganin hannun yarinya cikin ƙasa, muryar uwa kuma tana kunnensa, tsoron da ke tsakani shi zai haɗa da kansa. Haka kakanninmu ke yi da tatsuniya. Ba sai kaka ta ce Gizo ya tsorata ba, za ta maƙe murya ta zaro ido, bakinta kuma ya ci gaba da labari.

Gaisuwa ma ta ci mini fili. Akwati huɗu na ɓata a kan ina kwana, ina gajiya, ya iyali, don ina ganin in babu su labarin bai zama na Hausa ba. Ashe akwati ɗaya ya isa: saurayi ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa, ya ce "Barka da hutawa, Baba," tsohon kuma bai ɗago daga rediyonsa ba. Duk Bahaushen da ya ga wannan ya san yau akwai magana a gidan.

Sai daga baya na ci karo da bayanin da Scott McCloud, wani Ba'amurke mai zane, ya yi a 1993 game da siririn filin nan da ke tsakanin akwati da akwati, cewa a nan ne mai karatu ke cike abin da ba a zana ba. Ni kuwa a da kowane taku sai na zana shi, ban yarda mai karatu zai gane ba.

Ku kula da jerin magana. Boko daga hagu ake fara shi, saboda haka wanda ya fara magana ya tsaya a hagu, kumfar maganarsa, wato zagayen da ake rubuta abin da ya faɗa a ciki, ta ɗan fi zama a sama. Na taɓa sa amsa ta riga tambaya. In kuna kwaikwayon manga, wato labaran zane na Japan, ku tuna nasu daga dama yake farawa, kamar ajaminmu.

Kuskuren da ya ci mini kuɗi shi ne na haruffa. Nakan gama zane tukuna in zo ina cusa magana a ɗan gurbin da ya saura, har rubutu ya rufe fuskar mutum. Yanzu magana nake fara zaunarwa, sannan in yi zane kewaye da ita. Sannan na zaɓi wani salon rubutu mai kyau a kwamfuta ban gwada ko yana da ɓ, ɗ da ƙ ba. Da aka je bugawa sai aka mayar da su b, d da k, ni kuma na sa hannu ban duba ba. "Baƙi sun iso" ya koma "Baki sun iso" a kowane kwafi. Tun daga ranar, kafin in amince da kowane salo sai na buga "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" da shi, in tura shafin wayata ta WhatsApp, in ga ko zan iya karantawa ba tare da na buɗa hoton da yatsu ba.