Alhamdulillah, Auta ya kwana a gida

Jama'a Alhamdulillah, jiya Babbar Kotu ta soke hukuncin, ta wanke Autanmu ta sallame shi bayan wata 11 a tsare. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba ku yi haƙuri, wallahi bakina ne ya mutu, tunda muka dawo nake zaune ina kallonsa yana cin tuwo kamar wani baƙo.

Kun dai san zancen, dilar atamfa ta ɓata a sito a kasuwar Kwari, don kawai makulli na hannunsa ranar aka ɗaure shi shekara 2 da sashe na 288 na pinal kod, wai sata a cikin gini. Ba zan sake tono shi ba.

Amma akwai wadda dole in faɗa. Ranar da aka yanke hukunci na bi motar gidan yari da gudu har takalmina ya tsinke, na zube a bakin get ɗin kotu ina ta kuka mutane na wucewa, sai wata baba mai shinkafa da wake ta ja ni inuwa ta cire silifas ɗinta ta sa min, ta ce "'yar nan share hawayenki, kwana 30 gare ku ku ɗaukaka ƙara, kar ki bari su wuce, na ga da yawa sun makara." Ni a lokacin na ɗauka in alƙali ya buga tebur shikenan. Ita fa a ranar ba takalmi ta koma gida.

Barista, ka ce kar in ambace ka amma ka yi haƙuri, wata 4 kana sintirin neman kwafin shari'a da man motarka. Liman na unguwarmu, da matan adashinmu da suka bar min kwasa ba layina ba ne, Allah ya biya ku da Aljanna, ya suturta ku duniya da lahira, ya raba 'ya'yanku da sharrin ƙazafi, yadda kuka tsaya mana Allah ya tsaya muku ranar da ba mai tsaya wa wani.

Su o'o da suka ce ai ba a ɗaure mutum haka kawai, mun ga sitikokinku na barka tun daren jiya, mun gode. Inna ta hana ni magana.

Masu zuwa barka don Allah ku bari sai bayan la'asar, bai saba barcin katifa ba tukuna. Ni kuma da safe zan je bakin kotu, silifas ɗin baba na wajena har yanzu.